Daga Bakin Akushi Zuwa Gaban Malam: Inda Yaro Ke Koyon Ladabi

A shekarar 1973, wani Bature mai suna Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin Di'o a lardin Adamawa kafin ya koma koyarwa a Zariya, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan tambaya guda: wane ne Bahaushe ke kira mutumin kirki? Karin magana ya bi, da adabi, da irin yabo da zargin da ya ji mutane suna yi wa junansu, ya tsamo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. An buga laccar a 1974, kuma har yau ɗaliban Hausa a jami'o'i suna komawa gare ta.

Babu dukiya a jerin, babu sarauta, babu takardar gama makaranta. Babu kuma ko ɗaya daga cikin goman da jariri ke faɗowa da shi. Da kuka yake zuwa, da yunwa, da son a ɗauke shi. Sauran duk koya masa ake yi. Ladabi ne akan fara da shi, domin shi ne ake iya nuna wa ɗan shekara uku. Ba za a zaunar da shi a yi masa bayanin adalci ba, amma za a iya sa shi ya karɓi abu da hannun dama, ya yi godiya, ya bar wa ƙanwarsa rabonta. Bahaushe yana cewa hali zanen dutse ne, sai dai shi ɗin ne kuma ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a aikace magana ta biyun ya fi riƙewa.

Tsakar gida

A gidan gandu, wanda har yanzu ana samun irinsa a ƙauyuka da tsofaffin unguwannin birane, aikin farko na yaro da safe shi ne zagayen gaisuwa. Zai fara da mahaifinsa, ya bi ɗakin mahaifiyarsa da na abokan zamanta, ya leƙa wurin kaka, ya ƙarasa sassan baffanninsa. Namiji ya tsuguna, mace ta durƙusa. Ba ya miƙa wa babba hannu sai in babban ne ya fara miƙowa, ba ya ƙura masa ido, ba ya kama sunansa gatsau. Gaisuwar kuma ba ta gaggawa ba ce: a tambayi kwana, a tambayi gajiya, a tambayi sanyi ko ruwa gwargwadon lokaci. Yaron da ya shekara goma yana wannan zagaye ya san cewa idan ya je wurin mutum, tambayar lafiyarsa ce gaba da buƙatar da ta kai shi.

Sai kwanon abinci. Ba ƙarancin kwanuka kaɗai ke haɗa yara huɗu ko biyar a akushi ɗaya ba. A nan ake koyon wanke hannu, da bisimilla, da cin gabanka, da daidaita loma don kada wani ya tashi da yunwa. Tsokar naman da ke tsakiya ba ta mai saurin hannu ba ce. Sai an gama tuwo babban cikinsu ya raba. Shi babban ma yana da nasa darasin, domin ana sa ran ya riga kowa tsame hannu ya bar wa ƙaramin ragowa. Mai haɗama tun a bakin kwano ake gane shi, tun a nan kuma ake fara gyara shi, sau da yawa da harara kawai.

Asalin wannan ya wuce al'ada. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Umar ɗan Abu Salama, yaron da ya tashi a gidan Manzon Allah (SAW) bayan an auri mahaifiyarsa Ummu Salama. Suna cin abinci hannunsa yana yawo a cikin kwano, sai Annabi ya umarce shi da abubuwa uku: ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa. Umar ya ce tun daga ranar haka yake cin abincinsa. A kan kwanon aka yi gyaran, nan take, da kalmomi kaɗan, daga bakin wanda suke ci tare.

Daga nan sai aike, wanda ya fi sauran faɗi. Enid Schildkrout, wata masaniyar zamantakewa daga Amurka, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana nazarin rayuwar yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta nuna cewa matan aure da ke cikin kulle da ƙafafun yara suke sana'a da zumunci, tunda yaro yana shiga gidan da ƙato ba ya shiga. Shi ke yo cefane, shi ke kai zubin adashi da gudummawar biki, shi ke karɓo bashi. Kowane aike jarrabawa ce. Ya yi sallama kafin ya shiga? Ya gaida mutanen gidan kafin ya faɗi abin da ya kawo shi? Ya isar da saƙon yadda aka faɗa masa, ba ƙari ba ragi? Ya dawo da canji cif? Ya kama bakinsa a kan abin da ya gano a gidan mutane? Matan unguwa ne masu ba da maki, kuma sakamakon yakan riga yaron isowa gida. Amanar da ake nema wurin ɗan kasuwa ko ma'aji yana da shekara arba'in, a kan canjin daddawa aka fara gwada ta yana da shekara bakwai. (Wannan ba yabon talla ba ne. Tallan da ke hana yarinya shiga aji, ya bar ta a tasha har dare, ɓarnarsa ta fi abin da yake koyarwa nesa ba kusa ba.)

Tsarin bai ma yarda iyaye su kaɗai su riƙe ɗansu ba. A littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa mai suna Baba a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, an ga yadda uwa ke kunyar ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, da yadda goggo ko kaka ke ɗauke yaro bayan yaye ta riƙe. Ita kanta Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi renon 'ya'yan wasu a matsayin nata. Ɗa na kowa ne, in ji manya, shi ya sa maƙwabci ke tsawata wa yaron da ba nasa ba a kan hanya, in labari ya kai gida kuma a ƙara masa.

Da dare kaka ta karɓi aikin da tatsuniya. 'Yar bora da 'yar mowa su bi hanya ɗaya, su gamu da tsohuwa ɗaya mai neman a cuɗa mata baya. Wadda ta gaishe ta ta yi aikin ta koma gida da arziki. Wadda ta yi tsaki ta wuce ta koma da masifa. Abubakar Imam ma da ya tashi rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, aku ya sa ya tsare ɗan sarki a gida da labarai, ba dogari ba.

A gaban malam kuwa ladabi karatu ne mai babi. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, tana cikin littattafan da almajirin ilimi ke bi bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Mutane da yawa sun san ta da hukuncin tsarki da salla da gado, sun manta cewa don koyar da yara aka rubuta ta tun asali, kuma babukanta na ƙarshe a kan ci da sha suke, da sallama, da neman izinin shiga, da atishawa da hamma. Alƙur'ani ma ya sauko har ƙofar ɗakin iyaye: aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutu, da bayan lisha, waɗanda yaron da bai balaga ba zai nemi izini kafin ya shiga.

Fanke, alewa da alkawari

Mai shakka zai ce duk wannan ado ne, durƙuso ba ya hana mutum sata. Da gaskiyarsa, domin kowa ya san mai rusunawa har ƙasa wanda Musa ne a baki Fir'auna a zuci. Amma abin da ke ƙarƙashin ladabi, wato iya danne son rai na ɗan lokaci, an auna shi, an kuma ga inda yake kai mutum.

A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun ɗauki yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973 suna bin rayuwarsu. Daga shekara 3 zuwa 11 aka riƙa auna yadda kowannensu ke iya kame kansa. A 2011 Terrie Moffitt da abokan aikinta suka fitar da abin da suka gani bayan yaran sun kai shekara 32. Cikin rukunin da ya fi ƙarancin kamun kai, kashi 43 cikin 100 kotu ta taɓa samun su da laifi. Cikin rukunin da ya fi kowa kamun kai, kashi 13 ne. Bambancin ya fito a lafiyar jiki da riƙon kuɗi, kuma bai ɓace ba ko da aka cire tasirin kaifin ƙwaƙwalwa da arzikin iyaye.

Kusa da gida, wata masaniya Bajamushiya, Bettina Lamm, ta gwada 'yan shekara huɗu na ƙabilar Nso, manoma a arewa maso yammacin Kamaru, da takwarorinsu na Jamus, aka wallafa sakamakon a 2017. An ajiye wa kowane yaro abin kwaɗayi a gabansa, na Kamaru fanke ne, aka ce masa in ya yi minti goma bai ci ba za a ƙara masa na biyu, aka fita aka bar shi. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira; na Jamus ba su kai kashi 30 ba. Yaran Jamus suna ta mutsu-mutsu don su ɗauke hankalinsu daga abin, na Nso kuwa suka zauna tsit, wasu har barci ya kwashe su. Iyayen Nso, kamar na Hausa, tun da wuri suke koya wa yaro natsuwa da girmama na gaba.

Sai dai wani gwajin ya mayar da tambayar kan manya. A Jami'ar Rochester ta Amurka, Celeste Kidd da abokan aikinta sun raba yara 28 gida biyu. Kafin gwajin jira, an yi wa kowane yaro alkawarin za a kawo masa sababbin kayan zane. Rabi aka cika musu, rabi aka dawo hannu rabbana aka ba su haƙuri. Da aka zo jiran alewa, waɗanda aka cika wa alkawari sun yi kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa minti 3 kawai.

Wannan ya taɓa gidaje da yawa. Akwai uban da zai fita ya ce wa ɗa mai kuka ya je ya ɗauko takalminsa, kafin ya dawo ya sulale. Akwai uwar da ke tura yaro ya gaya wa mai bin bashi ba ta nan. Ga alewar da kullum ake alkawari ba ta zuwa, ga dodon da ke bayan ƙofa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da cewa za ta ba shi wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan, sai ya tambaye ta me za ta ba shi. Ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Haka zancen zagi yake. Gidan da ake kiran yaro ɗan banza da safe, a yi masa daƙuwa da rana, babu abin mamaki in ya fita ya zagi sa'an ubansa.

Maganar bulala

Da zarar an ce yaro ba shi da ladabi, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne bai sha duka ba ne. Ra'ayin ya daɗe, amma sukarsa ma ta daɗe, kuma ba daga Turai ta faro ba. Ibn Khaldun, a Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya ware fasali guda a kan illar tsanantawa ga ɗalibai. A ganinsa yaron da ya tashi cikin gallazawa yakan rasa kuzari, ya koyi ƙarya da makirci, yana nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa, har wannan ya zame masa hali. Ya kuma kawo matsayin da aka san malaman Ƙairawan da shi, cewa in ma dukan ya zama dole, kada malami ya wuce bulala uku.

Bayan fiye da shekara 600, Victoria Talwar da Kang Lee suka gwada maganar a wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, suka wallafa a 2011. Makarantu biyu suka ɗauka, ɗaya ana duka a kan ƙaramin kuskure, ɗaya kuwa faɗa ake yi da baki ko a ware yaro gefe. An bar 'yan shekara uku da huɗu a ɗaki da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiwaya. Yawancinsu a makarantun biyu sun waiwaya. Yaro yaro ne. Da aka tambaye su, a makarantar da ba a duka kimanin rabi suka yi ƙarya. A ta bulala kusan duk sun musanta, kuma sun fi iya kare ƙaryar da aka bi su da tambayoyi.

Najeriya ta taɓa gwada bulalar a kan manya. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Soja ya tsaya a tashar mota, mutane suka bi layi. Ma'aikacin da ya makara ya yi tsallen kwaɗo. Da aka kifar da gwamnatin a watan Agusta na 1985, layin bai daɗe ba ya watse. Mafi munin abin da aka gani a kan yara kuwa shi ne na watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabo a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu, har suna biyan kuɗi, da sunan gyaran hali.

Akwai kuma inda tarbiyyar gargajiya ke cutar da yaron da ya fi kowa bin ta. Wanda aka koya wa cewa ba a musu da babba, ba a ɗaga ido, ba a kai ƙarar na gaba, shi ne ya fi sauƙin cuta a hannun babban da ba ya tsoron Allah. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata, kuma waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Yawancin masu cutar ba baƙi ba ne. Saboda haka dole a haɗa wa yaro ladabi da sanin cewa akwai abin da ake ce wa a'a ko daga bakin wa ya fito, kuma in ya kawo ƙara gida za a saurare shi.

Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Masu kafa hujja da addini wajen ɗaure wa 'ya'yansu fuska ba kasafai suke kawo wannan ruwaya ba.

Hannuwa sun ragu

Gidan gandu ya rarrabu zuwa ɗaki da falo a gidan haya, ko gida mai katanga da ƙofar ƙarfe inda mutum bai san sunan yaran maƙwabcinsa ba. Kaka tana ƙauye. Wanda ya tsawata wa ɗan wani yana iya samun sammaci. Kowane yaro da farantinsa da cokalinsa, yana ci yana kallon talabijin. Saƙon da ake aiken yaro da shi yanzu waya ke kaiwa, kuɗin ma ta waya ake turawa. Ba wanda zai dawo da wancan zamani, kuma ba duk abin da ya tafi ne abin kuka ba. Riƙo ya raba yara da yawa da iyayensu ya kai su hannun da bai ji tausayinsu ba. Amma aikin da dangi da unguwa ke yi a da, yanzu ya koma kan mutum biyu, wani lokaci ma ɗaya.

Su kuma biyun sukan miƙa shi gaba: ga malamin firamare da ke fama da aji cike har bakin ƙofa, ga malamin Islamiyya na awa biyu da yamma, ga 'yar aiki wadda ita ma yarinya ce da ke buƙatar reno, ga wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban kallo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a yini. Shawara ce mai kyau, sai dai wayar da ke hannun uba ita ma tana nata aikin. Yaron da ya tsuguna gaida mahaifinsa, mahaifin ya amsa da ka idonsa a kan WhatsApp, ya ga yadda ake amsa gaisuwa, kuma haka zai amsa wa wani.

Kukan lalacewar yaran zamani ba ya yankewa a gidajen rediyo da wuraren ɗaurin aure, amma inda aka fi yin sa shi ne majalisa, a kan benci ko tabarmar ƙofar gida, daga bayan magariba zuwa goman dare. Lokacin ke nan da ake kwashe tuwo a cikin gida, yara su ci su kwanta ba su ga uban ba, da safe kuma ya riga su fita. Magidancin da ke son sanin halin da ɗansa ke ciki ba sai ya jira rahoton malami ko ƙarar maƙwabta ba. Ya rage awa ɗaya daga majalisar, ya shiga gida, ya sa a zuba musu a kwano ɗaya.